Yadda za ka gwada Linux a kwamfutar gidanka kafin ka zaɓa tsakaninsa da Windows

Tun ƙarshen 2025 tambayar da aka fi kawo mini a shagona na gyaran kwamfuta a nan Garwa ita ce: "Malam, an ce Windows ɗina ya mutu, gaskiya ne?" Bai mutu ba. Abin da ya faru shi ne, ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi zuwa Oktoban 2026. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi, amma duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga baya, ba mai zuwa ya toshe ta. Shi kuwa Windows 11 yana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa. Yawancin kwamfutocin hannu da muke saye a brokant, irin su tsofaffin EliteBook da Latitude da ThinkPad, ƙarni na 4 zuwa na 6 ne. Lafiyarsu ƙalau, amma an rufe musu ƙofa.

A nan ne maganar Linux ke shigowa. Windows da macOS kayan sayarwa ne: kamfani ke riƙe da sirrin yadda aka rubuta su, kai izinin amfani kawai kake saye. Windows 11 na gida dalar Amurka 139 ne a shafin kamfanin, wato sama da jaka 70 na sefa. Linux kuwa wani ɗalibi ne a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta shi a 1991, ya bar rubutun a buɗe, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wani ba tare da ya ci haƙƙin kowa ba. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. Nau'o'insa suna da yawa. Wanda nake sa wa mutanen gida shi ne Linux Mint, domin fuskarsa ta yi kama da Windows 7 da mutanenmu suka saba da shi, kuma yana jin Faransanci sosai. Mint 22 da ya fito a 2024 an yi alkawarin kula da shi har 2029.

Ba zan ce maka wannan ya fi wancan ba tun ban ga aikinka ba. Na sa wa mutane Linux sun yi ta sa mini albarka, na kuma sa wa wasu sun dawo bayan kwana uku ransu a ɓace, kuma suna da gaskiya. Gani ya kori ji. Ana iya tayar da Linux daga filash a gwada shi ba tare da an taɓa Windows ko kaɗan ba, kuma wannan ita ce hanyar da zan bi da kai.

Kayan da za ka tanada

Filash mai aƙalla gigabait 8, wanda muke kira kile, kuma wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa. Wani wurin ajiya daban, filash babba ko faifan waje, don kwashe kayanka. Data kamar gigabait 4, domin fayil ɗin Mint kaɗai ya kusa 3. Caja mai kyau, da batir a cike. Wayar Android da kebul ɗinta. Takarda da biro. In kana da mai hura iska ko ɗan burushi mai laushi, ka haɗa da shi.

Ka yi hattara da kile mai arha fiye da ƙima. Akwai na jabu a kasuwa da aka rubuta musu 64 alhali cikinsu bai kai 4 ba. Suna karɓar fayil kamar gaske, sai an zo tayarwa su ƙi.

1. Rubuta abin da ake yi da kwamfutar a gidan

Wannan matakin ake tsallakewa, kuma shi ne ke yanke hukuncin. Ka zauna da duk mai taɓa kwamfutar, har da uwargida da yara, ka rubuta aikin kowa. Rubutun wasiƙa, lissafin shago, WhatsApp, Facebook, YouTube, sauraren karatun Alƙur'ani, kallon fim, kwashe hotuna daga waya: duk waɗannan Linux yana yin su ba gargada. Amma in a takardar ka ga Photoshop, CorelDRAW, AutoCAD ko Sage, ko manhajojin da masu gyaran waya ke buɗe waya da su, to ka tsaya. Waɗannan ba a yi su don Linux ba. Akwai GIMP a madadin Photoshop, akwai Inkscape a madadin CorelDRAW, kuma suna aiki, amma wanda ke cin abinci da zanen katin aure da kalanda ba zai bar abin da hannunsa ya saba da shi ba ana gobe biki. Irin wannan mutum ya riƙe Windows, ko ya haɗa biyun.

2. Duba ƙarfin kwamfutar

Ka danna maɓallin Windows tare da harafin I, ka shiga Système, ka gangara ƙasa inda aka rubuta bayanin na'urar. Abu uku za ka kwafa a takarda: sunan injin, yawan RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, ana auna ta da gigabait), da ko 64 bits ce ko 32. In RAM ɗinka 4 ne zuwa sama, ɗauki Mint mai suna Cinnamon. In 2 ne, ko 4 ɗin amma injin ya tsufa ƙwarai, ɗauki Xfce, ya fi sauƙin nauyi. In injin 32 bits ne zalla, Mint na yanzu ba zai hau ba, sai dai wani nau'in Linux irin su antiX, kuma wannan ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da shi shi kaɗai.

In ka tarar injinka ƙarni na 8 ne ko sama, kana da sa'a: Windows 11 zai hau, kuma yawancin kwamfutocin da aka ƙera daga zamanin Windows 8 lasisinsu yana ɗinke a cikin na'urar, ba sai ka sayi wani ba. Mutane da yawa suna biya a sa musu Windows na sata a kan kwamfutar da ke da nata na halal.

3. Kwashe kayanka

Hotuna, takardu, takardar haihuwa da ka ɗauka da sikana, kundin kammala karatu, komai. Kada ka manta da abin da ke kan fuskar kwamfutar da cikin Téléchargements, nan mutane suka fi tara muhimman abubuwa ba su sani ba. Bayan ka kwafa, ka cire faifan, ka sa shi a wata kwamfuta, ka buɗe fayil biyar ko goma ka tabbatar suna buɗuwa. Kalmomin sirrin imel da Facebook ma ka rubuta su, domin da yawanmu burawuza ce ke riƙe mana su, mu mun manta.

Shekarun baya wani dattijo ya kawo mini kwamfuta, ya ce ai komai yana cikin kile. Na yarda da maganarsa ban duba ba, na goge faifan. Ashe abin da ke cikin kilen gajerun hanyoyi ne kawai, hotunan aikin hajjinsa suna cikin abin da na goge. Mun ceto wasu, wasu sun tafi. Tun daga ranar ba na taɓa faifan kowa sai na buɗe ajiyarsa da idona.

Abu ɗaya kuma: ka duba ko an kulle faifan da BitLocker. In an kulle, ka nemo lambar buɗewa mai alƙaluma 48, ka rubuta a takarda, ko ka kashe kullen kafin ka ci gaba. In ka taɓa saitin BIOS, wato saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ya tashi, ba ka da wannan lambar, Windows zai iya hana ka shiga kayanka.

4. Sauko da Mint

Daga shafin linuxmint.com kawai. In data ta yi maka tsada, ka jira forfe na dare, ko ka karɓa wurin wani da ya riga ya sauko da shi. A Linux wannan ba sata ba ce, an yarda. Ɗaliban kwamfuta na jami'ar Ngaundare da ta Marwa da wuya a rasa mai shi a cikinsu. Ko ta wace hanya ka samo, ka tantance shi, domin rezo na iya yankewa fayil ya sauko rabi. A shafin akwai wata doguwar lamba da ake kira SHA256. Ka buɗe Invite de commandes a cikin jakar da fayil ɗin yake, ka rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256. In lambar da ta fito ta yi daidai da ta shafin, fayil ɗinka cikakke ne.

5. Ɗora shi a kan kile

Kwafa fayil ɗin cikin kile kamar waƙa ba ya aiki. Sai da wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Rufus. Ka buɗe ta, ka zaɓi kilen, ka zaɓi fayil ɗin Mint, ka bar sauran yadda suke, ka danna Démarrer. Za ta goge duk abin da ke kilen, don haka ka cire faifan ajiyarka daga jikin kwamfutar tukuna, kada hannu ya kuskure. In Rufus ta ƙi, balenaEtcher na yin aikin.

6. Tayar da Linux daga kile, ka gwada

Ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka sa kilen, ka kunna, nan take ka riƙa danna maɓallin zaɓen tashi. A HP F9 ne, a Dell da Lenovo da Toshiba F12, a Asus yawanci Échap. Ka zaɓi sunan kilenka. In bai bayyana ba, ka canza rami, ko ka shiga BIOS ka kashe Secure Boot, bayan ka tabbatar da zancen BitLocker.

Mint zai buɗe da Turanci, kuma zai ɗauka allon rubutunka irin na Ingilishi ne. Mu kuwa yawancin namu AZERTY ne na Faransa, sai ka danna A ya fito Q, ka danna Z ya fito W. Mutum ya yi ta rubuta kalmar sirrin Wi-Fi tana ƙi, ya ce Linux ba ya kama rezo. Ka shiga saitin allon rubutu ka ƙara na Faransanci tun farko.

Yanzu ka ɗauko takardar mataki na 1, ka bi ta ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. Wi-Fi ya kama? Sauti na fita, a lasifika da abin kunne? Kyamara fa? Maɓallan ƙara haske da rage shi? In ka rufe murfin ka buɗe, tana farkawa? Ka jona wayarka ka ga ko hotuna sun fito. Ka jona firinta ka buga shafi guda da gaske, kada ka tsaya a ganin sunanta. Firintocin HP galibi suna aiki nan take, amma akwai wasu ƙananan firintocin leza da suka cika sakatariyoyinmu waɗanda sai an sha wuya kafin su yarda. In firintarka ce hanyar abincinka kuma ta ƙi, wannan kaɗai ya isa dalilin zama a Windows.

Sai babban gwaji, wato takardu. Mint yana zuwa da LibreOffice: Writer a wurin Word, Calc a wurin Excel. Ka buɗe takardunka na gaske, ba sabuwa ba. Wasiƙa da lissafin shago za su fito daidai. Takarda mai tebura da yawa da hatimi da kan wasiƙa, ko kundin ɗalibi mai shafi ɗari, tana iya gocewa, layi ya zame zuwa shafi na gaba. Yawanci dalilin shi ne salon haruffa: Calibri da Times New Roman na Microsoft ne, Mint yana musanya su da masu kama da su. Ana gyara wannan, zan zo kansa.

In Wi-Fi ya ƙi, kada ka yanke ƙauna. Wasu katunan, musamman na Broadcom, suna buƙatar direba da sai an sauko da shi. Ka jona waya da kebul, ka kunna raba intanet ta USB a wayar, Linux zai kama ba tare da an sa masa komai ba.

Ka sani daga kile ya fi nawa a kan yadda zai kasance in an girka shi, kuma duk abin da ka ajiye zai ɓace in ka kashe. Ka cire kilen, Windows ɗinka na nan yadda ka bar shi. Ni ina son mutum ya yi wannan gwajin kwana uku ko huɗu, ya bar yaran gida su taɓa.

7. Yanke shawara

Ga abin da na gani da idona a gidajen mutane. Inda Windows ya fi: kowane sakatariya da kowane mai gyara a kasuwa ya san shi, duk na'urar da ka saya da direbanta na Windows take zuwa, kuma makarantu da ofisoshi da Word da Excel suke koyarwa. In Linux ya ba ka matsala a ƙauye, ƙila ka yi tafiya kafin ka sami wanda ya iya. Wannan gaskiya ce da masu son Linux ba su cika faɗa ba.

Inda Linux ya fi: tsohuwar kwamfuta tana samun sauƙin numfashi, ba kuɗin lasisi, ba kuɗin riga-kafin ƙwayar cuta duk shekara, kuma ba ya sauko da sabuntawa sai ka ce masa ya yi. Ga mai sayen data da ɗari biyar-biyar wannan ba ƙaramin abu ba ne, kodayake a Windows ma akwai saitin Connexion limitée da ke rage ɓarnar. Abin da ya fi damuna shi ne Windows na sata. Wanda ya fasa maka kullen, ba ka san me ya cusa a ciki ba, kuma a wannan kwamfutar kake buɗe imel ɗinka da asusun kuɗinka. Tsakanin Windows na sata da Linux, ni ban ga abin shawara ba.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa Linux zai mayar da RAM 2 ya zama 8. Burawuza mai shafi goma a buɗe tana cin abin da take ci a ko'ina. In kana da ɗan kuɗi, ka canza tsohon faifai da SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri. Wannan ya fi kowace manhaja sa kwamfuta gudu.

Hanya uku ke gabanka: ka zauna a Windows, ka haɗa biyun, ko ka goge Windows. Ga sabon shiga da faifansa ya kai gigabait 250, haɗa biyun nake so.

8. Girkawa

Ka yi da sassafe. Zafin Garwa na Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka tana iya mutuwa ana tsakiyar aiki. Ka hure ƙurar, ka ɗora ta a kan tebur, ba a kan katifa ko darduma ba. In batirinka ya mutu, wuta kaɗai ke riƙe ta, kada ka fara sai a inda ke da sola ko janareta. Ɗaukewar wuta ana cikin raba faifai na iya lalata Windows da Linux gaba ɗaya.

In za ka haɗa biyun, ka fara shiga Windows, Options d'alimentation, ka cire alamar Activer le démarrage rapide, sannan ka kashe. Ka tayar daga kile, ka danna hoton girkawa da ke kan fuska, ka zaɓi Français, ka zaɓi allon rubutunka ka gwada shi a ɗan akwatin da ke ƙasa. Ka sa alama a Installer les codecs multimédia, in ba haka ba wasu bidiyoyi ba za su buɗu ba.

Shafi na gaba shi ne mai haɗari, ka karanta shi sau biyu. Wanda ya ce à côté de Windows shi ne haɗa biyun. Za ka ja wani layi ka ba Mint rabonsa, kada ya gaza gigabait 50. Wanda ya ce Effacer le disque yana share komai, har da ɓangaren da mutane ke kira D suna zaton yana gefe. In ba ka ga zaɓin farko ba, ko an yi maka maganar RST, wani saitin faifai na Intel, ka tsaya ka nemi wanda ya sani. Kada ka shiga Autre chose da ka.

A taswira ka zaɓi Duwala, in a Cadi kake Njamena. Kalmar sirri ka zaɓi wadda za ka riƙe, domin Mint zai riƙa tambayarta duk lokacin da za a sa sabon abu. Minti ashirin zuwa arba'in ya gama, ya ce ka cire kilen. Daga nan duk kunnawa za ka ga jerin zaɓi, Mint a sama, Windows a ƙasa.

9. Kwanakin farko

Ka buɗe Timeshift ka ɗauki hoton tsarin, shi ne madogararka in wani sabuntawa ya ɓata abu. Amma tsarin kawai yake ajiyewa, ba hotunanka ba. Sannan Gestionnaire de mises à jour, na farkon yana da nauyi, ka bari sai dare. Sannan Gestionnaire de pilotes don Wi-Fi da katin hoto. Duk manhajar da kake so, VLC ko GIMP, ka neme ta a Logithèque. Fayil mai ƙarewa da exe na Windows ne, ba zai yi ba.

Don gocewar takardu, ka nemi ttf-mscorefonts-installer a Logithèque, zai kawo Times New Roman da Arial. Ka ƙara da Carlito, wanda faɗin haruffansa daidai yake da Calibri. In za ka aika wa mai Word takarda, ka ajiye ta a docx. In bugawa za ka kai sakatariya, ka mayar da ita PDF tun daga gida, ba abin da zai motsa.

In ka haɗa biyun, za ka lura agogon Windows ya koma baya da awa guda duk lokacin da ka fito daga Mint. Wata baiwar Allah ta dawo mini da kwamfuta saboda wannan, ta ce ta kusa makara ɗauko yara daga makaranta. Dalilin shi ne Linux yana saita agogon na'ura da lokacin duniya, mu kuwa muna gaba da shi da awa ɗaya. Ka buɗe Terminal, wurin rubuta umarni a Mint, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, ka gyara agogon Windows sau ɗaya, shi ke nan. Ban da irin wannan da ka san ma'anarsa, kada ka kwafo umarni daga intanet ka liƙa a Terminal. Ƙwayoyin cutar Windows ba sa kama Linux, amma saƙon ƙarya na cewa ka ci kyauta ka turo lambar sirrinka yana cin mutum a kowace kwamfuta.

Mai rubuta Hausa ya shiga saitin allon rubutu ya ƙara na Hausa domin samun ɓ da ɗ da ƙ ba tare da kwafe-kwafe ba; na Kamaru mai harsuna da yawa wanda aka yi shi a tsarin AZERTY ma yana da ɓ da ɗ. Haruffan ɓ da ɗ suna yi wa mai rubuta Fulfulde amfani shi ma.

Kilen da ka yi aikin da shi kada ka goge shi, ko da ka zaɓi zama a Windows. Ka ɗaura masa zare ka ajiye. Ranar da Windows ya ƙi tashi, da shi za ka tayar da kwamfutar ka kwashe takardunka kafin ka kai ta gyara. Ranar da ka dawo daga sakatariya ka tarar cutar nan ta mayar da fayilolin wani kilenka gajerun hanyoyi, ka tayar da Mint ka jona shi: za ka ga jakar da cutar ta ɓoye kayanka a ciki, ka kwashe su zuwa wani wuri, ka goge fayilolin da ba ka san su ba, sannan ka yi wa kilen format.